Farar Riga a Gilashin Taga

Littafin ba nawa ba ne. 'Yata ta biyu ce ta bar shi a kan gadona, wani hutu da ta zo daga Maiyama inda take koyar da Turanci a makarantar 'yan mata. Wurin masu gwanjon littattafai ta saye shi. Bangon ya rabu har an liƙe shi da salatif, takardun sun yi ja-ja kamar ɓawon albasa, kaurinsa kuwa ya isa a tokare ƙofa da shi.

"Inna, ke da kullum kike ce muna kin hi kowa Turanci a ajinku," in ji ta tana ɗaure jaka, "to ga shi nan. In na dawo in ji labari."

"Ke dai ba ki da ta ido. Ni za ki ba aikin gida?"

"Awo. Kuma ban yarda da satar amsa ba."

Gaskiya ne na gama sakandare, kuma gaskiya ne ni malama take tayarwa in karanta wa aji. Amma ina gamawa aka kawo ni Jega gidan mijina Malam, tun daga nan Turancina ya koma na karanta takardar magani da sakamakon jarrabawar yara. Da na buɗe shafin farko sai na ji kamar na shiga kasuwar da na sani tun ƙuruciya, na tarar an sauya wa kowa rumfa. Na ɗauko tsohon ƙamus ɗin yara na ajiye kusa. Tsakanin azahar da la'asar, in abinci ya fita an wanke kwanuka, sai in shimfiɗa tabarma a rumfa in yi ta fama. Malam in ya zo wucewa yakan leƙo ya ce, "Yau kuma wa ya mutu a Ingila?" In ce masa, "Ba a gama mutuwa ba tukuna."

Labarin a birnin Landan yake, zamanin wata sarauniyarsu da ta daɗe a kan mulki, wadda ta rasu gab da shigowar Turawa ƙasar Sakkwato. Marubucin mutumin yanzu ne. Waiwaye ya yi ya gina ƙagaggen labarinsa a wancan zamani, kamar mai gina sabon ɗaki da tubalin kango. Kusan komai a cikin wani gidan wasan kwaikwayo yake faruwa, ƙaton gini mai kujeru hawa-hawa, masu hali a ƙasa, talakawa can sama kusa da rufi inda zafi da hayaƙi ke taruwa. Babu lantarki. Fitilun gas ne jere a bakin dandamali, harshen wuta a fili, mata kuma suna rawa kusa da su da riguna masu faɗi kamar lema.

Ni wasan kwaikwayon da na sani shi ne namu na makaranta: gemun auduga, gashin baki na gawayi, labule na zannuwan gado. Na taɓa fitowa alƙali, gemun ya faɗi ina tsakiyar yanke hukunci. Saboda haka abin da ya fara kama ni a littafin aikin bayan labule ne. Ashe tsawa fallen kwano ne ake girgizawa. Ashe ruwan sama busasshen wake ne ake gangarawa a cikin dogon akwati. Har na gwada da wake a tire a ɗakin girki, na rufe ido, wallahi yayyafi sak. Akwai masu jan igiya, akwai masu kunna fitila, akwai mata a wani ɗaki ƙarƙashin dandamali suna ɗinki har idonsu ya mutu. Marubucin ya san darajar hannu mai aiki, a nan ya saye ni.

Cikin masu ɗinkin akwai wata yarinya. Yayarta ce tauraruwar gidan. Wata rana gefen rigar yayar ya taɓa fitila, kafin a kawo ruwa ta ƙone a gaban jama'a. Mai gidan wasan, maimakon ya ji tsoron Allah, sai ya ga kasuwa. Ya shelanta cewa marigayiyar tana fitowa. Ga yadda yake yi: a kafa ƙaton gilashi a karkace a gaban dandamali, mai tsabta yadda ba a ganinsa. A sa ƙanwar a cikin rami, sanye da farar riga irin ta yayarta, a haska ta da fitila mai ƙarfi. Bayan gilashin kuma a bar shi da duhu. Sai 'yan kallo su ga mace fara sol tana tsaye a cikin duhun, ana hango bango ta jikinta. Sai da na maimaita shafin nan har na gaji kafin in gane. Daga baya na je gaban kabad ɗina na kwanuka na tsaya, na ga fuskata tana shawagi tsakanin tangaran, na ce to, abin ke nan.

Wani abu kuma ya ba ni dariya. Su 'yan wasan da ke kan dandamali ba sa ganin komai. Wanda zai yi magana da fatalwar sai an yi masa alama da alli a ƙasa, ya tsaya yana roƙon iska. Na kan kujera kaɗai ke gani.

Uwar 'yan matan mai wankau ce. Ba wanda ya gaya mata dabarar. Sai ta riƙa hawa can sama wurin talakawa tana kallon 'yarta da ta binne, tana miƙa hannu. Ƙanwar tana cikin rami tana jin muryar uwarta, ta rasa abin yi: ta faɗa mata gaskiya ta raba ta da abin da ya rage mata, ko ta yi shiru.

Ina da ƙorafi a kan littafin, kuma na gaya wa 'yata. Mutum ya mutu, amma ban ga an zauna karɓar gaisuwa ba. Ban ga maƙwabciya ta shigo da kwanon tuwo ba. Kowa ya ɗauki baƙin cikinsa ya kulle kansa a ɗakin haya, ga danshi, ga ɓeraye, ga hazo da hayaƙin kwal, an lulluɓe madubi da baƙin ƙyalle. Marubucin yana son duhu kamar yadda jemage ke sonsa. Wani lokaci har haushinsa nake ji: ya ga mutum zai faɗa rijiya, maimakon ya ƙwala kira, sai ya tsaya yana siffanta mana bakin rijiyar. Na kuma tambayi kaina ko ya dace matar da ta san wanda ya mutu ya tafi ke nan sai ranar tsayuwa ta zauna tana karatun fatalwa. Abin da ya kwantar mani da hankali shi ne shi ma marubucin bai ce matattu suna dawowa ba. Yakan tsorata ka, sannan ya kama hannunka ya kai ka ƙarƙashin dandamali ya nuna maka igiyar. Abin tsoron da ya bari a tsaye mai rai ne, mai gidan wasan nan da ke cin abinci da hawayen wata.

Ina daidai wurin da ƙanwar ke wasiwasi, saura kaɗan in gama, sai waya ta zo daga Aliero.

Yayata ce a can, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma ita ta tsaya kai da fata sai na gama makaranta, duk wanda ya zo da maganar aure ta ce ya jira. Mijinta Alhaji falken albasa ne, ya rasu a farkon daminar shekarar, tana cikin takaba. Shekarar da ta gabata albasa ta yi masa kyau, ya gyara mata ɗaki, ya cire tsohuwar tagar katako ya sa ta gilashi, irin mai buɗewa waje kamar ƙyauren ƙofa. Bai daɗe yana jin daɗin yabon ba.

Ɗanta na fari ne ya kira ni.

"Inna, ki taho. Tsohuwa ba ta da lahiya."

"Subhanallahi. Zazzaɓi?"

Ya ce, "Cewa take tana ganin Alhaji."

Ya ce kusan la'asar takan ce ga shi can tsaye a ƙofar ɗakinsa. An yi tofi, an yi hayaƙi, malami ya zo ya yi karatu daga bayan labule, abin bai bari ba. 'Yan'uwan Alhaji sun zauna sun yanke shawara: ranar Asabar za a kawo mota a kai ta asibitin masu taɓin hankali.

Ba na ƙin asibiti, kuma na san da kyakkyawar niyya suka yanke. Amma na san garinmu. Macen da aka fitar daga ɗakin takaba aka sa a mota unguwa tana kallo, ko ta dawo garau, ta gama magana a gidanta. In ta ce miya ta yi gishiri sai a kalli juna. Matar da ake kawo wa ƙarar aure da rabon faɗa, a wayi gari ana lallashinta kamar yarinya. Na haɗa kaya ranar Laraba. Ban san dalili ba, na tura littafin ƙarƙashin hijabaina a jaka.

Na isa ana ruwa. Warin albasar da ke jibge a rudu, rumfunan ajiyarta, ya cika gari, yadda yakan yi in danshi ya sauka. Na tarar da ita a kan dardumarta a kusurwar ɗaki kusa da taga, inda take wuni tun ranar rasuwar, carbi a hannu. Ta rame, amma idonta nata ne. Ta tambayi Malam, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ke fama da haƙori. Sannan ta ce:

"To, kin ga mahaukaciyar?"

"Haba Yaya."

"Ba haba ba. Shi anka kira ki ki gani." Ta ja carbi. "Ke, ni na san wanda yat tahi ba shi dawowa. Na sani kamar yadda nis san hannuna. Kullum sai na yi istigfari. Amma ido na gani, ƙanwata. In ce ban gani ba, in yi ƙarya ina cikin takaba?"

"Mi kike gani?"

"Shina tsaye bakin ƙohwa tai, da farar rigar nan ta Juma'a. Wani bi ya ɗan motsa. Ba shi magana. Kuma bai taɓa bari in ga huska tai ba."

Ranar ba a ga rana ba, ba ta ga kowa ba. Washegari gari ya washe. Bayan azahar ina zaune a tabarmar baƙi ta wajen ƙofa ina tsince shinkafa, sai na ji carbin ya tsaya.

"Ga shi," ta ce a hankali.

Na yi abin da kowa yake yi. Na watsar da tire na fita ba takalmi, na tsallaka tsakar gida na je ƙofar ɗakin Alhaji. A buɗe take don ɗakin ya sha iska, ciki duhu, ba kowa sai gado da buzunsa. Na leƙa bayan ƙyaure. Na dawo ta gefen bangon ɗakin Yaya inda matar ɗanta ta ɗaura igiya ta baza kayan marigayi, don ba a yi rabon gado ba, damina kuma tana sa musu fumfuna a akwati. Har wata riga ta shafe ni a fuska na ture ta. Na shiga na tarar tana kallona.

"Ba kowa ko?"

Na sunkuya ina tattara shinkafar da ta zube.

"Kin bi ta cikinsa," ta ce. "Kowa ta cikinsa yake bi."

Na shiga makewayi na yi kukana a can don kada ta gani.

Ranar Juma'a da hantsi, zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya, gobe mota. Na ciro littafin don in ɗauke hankalina, ban ma nemi inda na tsaya ba. Ya buɗe da kansa a shafin da na fi murzawa, na gilashin nan. Na sake karanta zancen ɗan wasan da ake yi wa alama da alli, yana tsaye a tsakiyar fatalwa bai sani ba. Kin bi ta cikinsa. Na ajiye littafin a cinya.

Na shiga lissafa waɗanda suka duba. Ƙannen Alhaji ba sa shiga ɗakin mai takaba, a tsakar gida suka tsaya. Malami yana bayan labule. Mata masu zuwa gaisuwa a tabarmar ƙofa suke zama, kamar ni. Ɗan Yaya kuwa ɗan fari ne, akwai kunya tsakaninsu. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallonsa ido cikin ido, shi ma tun da ya yi wayo iyakarsa bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaishe ta ya tashi. Dardumarta kuwa wa zai hau? Ko jikokinta an hana su. Duk wanda ta ce wa ga shi, waje yake rugawa. Kowa ya hau dandamali. Ba wanda ya zauna a kujerar mai kallo.

Ban gaya wa kowa ba, don ban tabbata ba. Na ga matar ɗan ta sake fito da kayan tana bazawa, na ce, "Jiya ba su sha rana ba?" Ta ce, "Inna, fumfuna ba ta fita rana ɗaya." Ta ɗauko farar babbar riga ta ware hannuwanta a kan igiya ta maƙale.

Maza suka dawo daga masallaci. Rana ta karkata ta bugi gefen bangon nan. Carbi ya tsaya.

"Yaya, matsa mani in zauna inda kike."

Ta dube ni kamar na ce ta ba ni zanen jikinta. "Bisa dardumata?"

"Ki yi mani gafara. Yau ɗai."

Ta ja jiki da ƙyar. Na yi bisimilla na zauna a gurbin da jikinta ya ɗumama, na sunkuya daidai tsayinta, na ɗaga ido.

Yana nan.

Duk da abin da na karanta, duk da na zo da zato, sai da na ji a'uzu ta fito bakina ba da shawarata ba. Alhaji ne tsaye a duhun ƙofarsa, fari tas, kafaɗun nan masu faɗi, aikin wuyan rigar ma ana gani. Iska ta taso ya ɗan juya kamar zai shiga. Daga wuya zuwa sama babu komai sai ƙarfen taga. Matar nan ta yi makonni tana ganin wannan ita kaɗai, ana ce mata babu, kuma ba ta fasa salla ba, ba ta yi ihu ba. Ban taɓa ganin girmanta kamar lokacin ba.

"Kin gan shi," ta ce. 

"Na gan shi, Yaya."

Ta kama hannuna ta matse har ya yi zafi.

A nan na tuna da yarinyar cikin rami. Na gane abin da ya ɗaure mata baki, wanda da ina karantawa a rumfata nake ganin sakarci ne. Hannun da ke matse nawa murna yake yi. Amma gobe Asabar, kuma yayata ba matar da za a rufa wa ido ba ce.

"Miƙo hannunki," na ce. Na ɗora shi a kan marikin tagar. Ɓangaren gilashin yana buɗe a karkace zuwa waje, ta cikinsa ake hango ƙofar Alhaji. "Jawo shi kaɗan."

Ta jawo. Alhaji ya zame gefe ya ɓace.

"Tura."

Ta tura. Ya dawo.

Ta yi haka ya fi a ƙirga. Na kira matar ɗan ta taga na ce ta cire farar rigar daga igiya. Muna kallo ƙofar ta koma duhu. Na ce ta mayar. Ya dawo ya tsaya. Na yi mata bayani yadda na iya: rana a kan riga, duhu a bayan gilashi, sai gilashin ya ɗauko abin da ke gefe ya ajiye shi a gaba.

Ta saki marikin. Hawaye suna zuba, ba ta share ba.

"Ashe riga ce."

"Riga ce, Yaya. Idonki lahiya lau, hankalinki lahiya lau. Abin da kinka ce kin gani, akwai shi."

"Alhamdu lillahi," ta ce. Can kuma ta ce, "Kin raba ni da shi karo na biyu, 'yar nema." Ta yi wata dariya da kuka a ciki. "Shi da taga tai. Na ce mashi ta katako ta ishe ni."

Saura ɗan. Na aika aka kira shi, ya zo da rigar masallaci ya durƙusa a bakin ƙofa yadda ya saba, kansa ƙasa. Na fara yi masa bayani, ina gilashi ina rana, na ga yana gyaɗa kai irin na ladabi. A ransa cewa yake yanzu marasa lafiyar sun zama biyu. Ya ce, "To Inna, in an je can likita ya duba, ai ba a rasa komi ba."

Sai Yaya ta yi magana, fuskarta a bango.

"Kai. Shigo."

Ya ɗago kai ya dube ni. Mutum mai 'ya'ya, mai motocin albasa a hanya, ya rasa inda zai sa ƙafa.

"Da kai nike. Tuɓe takalmi ka shigo. Zauna nan."

Ta tashi tsaye da kanta ta ba shi dardumar. Ya shigo kamar mai taka ƙwai, ya zauna a gefe-gefe. Ta sa hannu a kafaɗarsa ta danna shi ƙasa daidai tsayinta. Ni dai tun da aka yaye shi ban ga hannunta a jikinsa ba.

Ya ɗaga ido. Na ga bayansa ya sandare.

"Baba," ya ce.

Ta bar shi ya gani sosai. Sannan ta miƙa hannu ta saman kansa ta jawo tagar, ta tura, ta sake jawowa. Ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa suna girgiza. Ta tsaya a kansa tana kallon bango, hannunta bai bar kafaɗar ba.

"Ki gahwarce ni," ya ce daga cikin riga.

"Tashi mani bisa darduma," ta ce. "La'asar ta yi."

Kafin magariba ya je ya gaya wa ƙannen mahaifinsa, ya sallami mai mota. Matar ɗan ta zo tana ba da haƙuri kamar ita ta yi laifi, ta ce za ta mayar da igiyar bayan gida. Yaya ta ce a bar igiya inda take. "Yanzu na san riga ce. Akwai laihi mace ta kalli rigar mijinta?" Har aka yi rabon gado, in rana ta fito ana baza kayan, takan tura tagarta ta ja carbinta. Ta cika takabarta a ɗakinta, ta fita ranar da Allah ya ce ta fita, da ƙafarta.

Na koma Jega na ƙarasa littafin a rumfata. Yarinyar ba ta faɗa wa uwarta gaskiya ba. Uwar ta yi ta hawa sama tana miƙa hannu har sanyin hunturu ya kama ƙirjinta, aka tsince ta a kujera bayan an watse. An rubuta wurin da kyau ƙwarai, har na jiƙa shafin, amma na rufe littafin ina jin haushi. Da 'yata ta zo hutu ta ce, "To Inna, aikin gida fa?" Na ce marubucinku ya iya gilashi, ya iya fitila, ya san zuciyar mai baƙin ciki kamar ya shiga ya zauna. Abin da bai ba matar nan ba shi ne mutum ɗaya da zai hau sama ya zauna kusa da ita. Ta ce in haka ta faru ai babu littafi. Na ce to a rasa littafin mana. Ta ce na ci jarrabawa, amma ba ta ba da maki ga masu faɗa da marubuci. Malam kuwa ya daina tambayar wa ya mutu a Ingila. Na ji shi a zaure yana ba abokansa labarin tagar, yana cewa "ai uwar yaran nan da karatu," kamar shi ya biya kuɗin makarantar.

Bayan salla babba na je Aliero. Yaya tana tsakar gida tana yanka kuɓewa, tana ba matar ɗanta umarni, an kawo mata ƙarar wasu ma'aurata suna jira a zaure. Ta hango ni ta ce, "Ga mai littahin fatalwa." Ta sa na zauna na ba ta labarin tun daga farko. Wake a akwati ya ba ta dariya. Mai gidan wasan ta ce Allah ya isa. Da na zo kan uwar sai wuƙar ta tsaya.

"Ita tsohuwar, an gaya mata?"

"Ba a gaya mata ba, Yaya. Har ta mutu."

Ta kalli kuɓewar. Sannan ta ci gaba da yanka.

"Allah sarki," ta ce. "Ita ba ta sa ƙanwarta boko ba."